Kundi Goma Sha Ɗaya na Malam Yamin

Jawabin da Hasiba Benhamu, ɗalibar aji biyar, ta karanta a farfajiyar makarantar 'yan mata ta Mallah, unguwar Yahudawa, a birnin Fas, ranar Laraba da la'asar, cikar kwana talatin da rasuwar Malam Yamin Sabbah.

Kafin in gai da kowa, ina roƙon gafara. Ban kai in tsaya a nan ba, ban kuma kai in ɗauki alƙalami in rubuta wani abu a kan mutum irin Malam Yamin ba. Shekarata goma sha shida. Ban taɓa magana a gaban maza fiye da uku ba, su ukun ma babana ne da ƙannensa. Madam ce ta zaɓe ni, wai ni na fi kowa zama kusa da shi a ƙarshen rayuwarsa. Ta duba shafi biyu na farko ta gyara mini. Sauran ba ta gani ba. In akwai laifi a ciki, nawa ne ni kaɗai.

Ya Rabbi Menashe, shugaban addininmu, babanmu kuma alƙalinmu. Musyu Elbaz, shugaban kwamitin al'umma. Wakilin Basha mai mulkin birnin nan, da ya taso ya girmama mu. Madam Azulai, shugabar makarantarmu. Lalla Freha, matar marigayi. Dokta Armand, ɗansa, da ya zo tun daga Paris. Si Larbi mai ɗinkin littattafai, abokinsa na shekara arba'in. Ba Ishu'a, mai kula da majami'armu. Malamaina, iyayena, 'yan ajinmu. Ina gaishe ku, kowa a matsayinsa.

Na san kafin a zo kaina an riga an kira shi fitilar Mallah da ginshiƙin ilimi, domin haka muke kiran kowa bayan kwana talatin. Da ransa ba haka muke kiransa ba. Malam Saboda-haka muke ce masa. Yara suna binsa a lungu suna rera masa, "Saboda haka! Saboda haka!" Manya suna ji daga bakin shagunansu, ba wanda ya taɓa tsawatarwa. Ni ma na rera. Ina so a fara da wannan, don shi bai yarda a fara magana da abin da ba gaskiya ba.

Ya kasance malami. Shekara talatin da huɗu yana koyar da manɗiƙi, ilimin auna hujja, a makarantar nan, sa'a ɗaya a mako, ranar Talata bayan abincin rana, lokacin da kowa ke gyangyaɗi. Ranar da ya fara shiga ajinmu, hannunsa ɗaya yana cikin aljihun jallabiya. Ya ce, "Duk ɓaure yana da 'ya'ya a cikinsa. Haka ne?" Muka ce haka ne. Ya ce, "Abin da ke aljihuna yana da 'ya'ya a cikinsa. Saboda haka?" Muka haɗa baki, mu talatin, "Ɓaure ne!" Sai ya fito da rumman. Ya ɗora shi a kan tebur, ya dube mu, ya ce, "'Ya'yana, da irin wannan amsa za a aurar da ku ga ɓarayi, a sayar muku da jaki a ce doki ne." Ya fasa rumman ɗin ya raba mana. Ban sake cin rumman ban tuna ba.

Ya kasance mai rubuta wa tsofaffinmu wasiƙa. Tun da aka fara tashi ana barin ƙasar nan, gida bayan gida, uwaye da yawa sun wayi gari 'ya'yansu suna bayan teku, su kuma ba su iya riƙe alƙalami ba. Ƙofarsa suke zuwa. Ina nan ranar da Lalla Mas'uda ta shigo tana huci ta ce, "Yamin, rubuta wa ɗan banzan nan cewa na mutu, ko ya tuna yana da uwa."

Ya ce, "In kin mutu, wa ya aiko da wasiƙar?"

Ta ce, "Kai, rubuta abin da na faɗa, ba muhawara ta kawo ni ba. Shi ya sa yara suke bin ka."

Ya rubuta: "Mahaifiyarka ta ce in gaya maka ta mutu. Ga ta a gabana tana shan kofin shayina na uku. Ka rubuto kafin maganarta ta zama gaskiya." Amsa ta zo cikin mako uku. Wasiƙu nawa ya rubuta mana haka? Ba wanda ya ƙirga. Da ya kwanta ciwo, mutum nawa suka hau matakalar gidansa? Wannan na ƙirga. Mutum biyar ne, har da likita.

Ya kasance mutum mai littafi ɗaya, kuma a nan ne maganata take.

Wakilin Basha zai yi mini uzuri in faɗi abin da sauran suka sani. Mu ba ma zubar da takardar da aka rubuta da haruffanmu, ba ma ƙona ta. In ta tsufa, sai a kai ta geniza, ɗakin nan na bayan majami'a, a tara a buhuna. Sau ɗaya a shekara a kai su maƙabarta da waƙa, a binne su kamar yadda ake binne mutum. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, Malam yana cikin masu ɗaukar buhunan. Nasa ya fashe a bakin ƙofar maƙabarta. Yana tsince takardu sai ya ga wasu warƙoƙi da suka yi launin ganyen taba, ya karanta layi ɗaya, ya kasa miƙewa. Larabci ne, amma da haruffanmu na Ibrananci, kamar yadda kakanninmu suke rubutu. Ƙaramin littafi ne na manɗiƙi, babi goma sha biyu, wanda wani likita Bayahude ya rubuta shekaru ɗari bakwai ko fiye. Sunansa ya tafi tare da shafin farko. Babi huɗu na ƙarshe ma babu su.

Malam ya roƙi Rabbin wancan zamani, aka bar masa su ya kwafe. Da ya gama, warƙoƙin sun zama gari a hannunsa, ya mayar da su geniza da kansa, domin shi mai girmama al'ada ne. Ke nan Larabcin likitan nan bai rage ko'ina ba, iyakar saninsa, sai a kundayen Malam.

Daga baya ya gano an taɓa fassara littafin zuwa Ibrananci har sau biyu, a can ƙasashen ƙetaren teku, don Yahudawan da ba su jin Larabci. Ya bi ya kwafo fassarorin biyu, cikakku. Su ma ba a san sunayen masu su ba, sai ya raɗa musu. Na farko shi ne Matsoraci, don yana bin Larabcin kalma bayan kalma kamar yaro riƙe da zanen uwarsa a kasuwa, ko da maganar ba ta fita ba. Na biyu shi ne Mai-gaggawa, mai daɗin karatu, amma duk inda ya gagare shi sai ya tsallake ya yi kamar bai gani ba. Malam ya raba kowane shafi gida huɗu: maganar likita, ta Matsoraci, ta Mai-gaggawa, sai nasa bayanin da Larabcinmu na gida, wanda ko kakata za ta gane. Babi huɗun nan da suka ɓace kuwa, sai ya zauna tsakanin masu fassarar biyu, ya yi ta auna abin da wannan ya ce da abin da wancan ya ce, har ya maido da Larabcin da suke kallo lokacin da suke aikinsu. Wannan da jar tawada ya rubuta shi. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Baƙi nasa ne, ja nawa ne. Ba na so in mutu in tarar da likita yana jirana da sanda, yana cewa wa ya sa mini magana a baki."

Kundi goma sha ɗaya. Shekara talatin da ɗaya.

Lalla Freha, ke kika biya kuɗin wannan aiki da abin da ya fi kuɗi. Tebur ɗaya ne a gidanku, kuma kundaye sun cinye shi. Na sha jin ki kina ajiye faranti a tabarma kina cewa, "A gidan nan matattu ne suke cin abinci a tebur, rayayyu a ƙasa." Shi kuma ya ce, "Freha, baƙi ne, daga nesa suka zo." Ki ce, "Shekara talatin? Baƙon da ya shekara talatin ai ya kamata ya fara ɗebo ruwa." Amma ban taɓa ganin kin ɗora ko kofi a teburin nan ba. Ranar Juma'a ma, in kina shara, da gefen mayafinki kike share musu ƙura.

Si Larbi, kai ka ɗinke su, ka sa musu koren fata a baya. Kai kaɗai ne a birnin nan kake gane abin da ke ciki, kuma ba ka iya karanta ko ɗaya daga haruffanmu. Sai ya zo shagonka ya karanta maka da ƙarfi, ka ajiye allura ka ce, "Tsaya, Yamin, likitanka ya yi kuskure a nan." Ya ce, "Likitana ya mutu kafin a haifi kakan kakanka." Ka ce, "To ya daɗe yana kuskure." Masu wucewa suna zaton faɗa kuke. Malam ya taɓa gaya mini cewa ranar Lahadi, a shagonka, ita ce kaɗai ranar da littafin yake numfashi.

Mu fa? Mu, al'ummarsa, me muka yi?

Musyu Elbaz, ka gafarce ni, ni ƙarama ce, amma ina tsaye a bayansa ina riƙe masa kundi ranar da ya zo ofishin kwamiti yana roƙon a buga aikin. Ka ba shi kujera, ka sa aka kawo shayi, ka ce, "Malam, wa zai karanta? Masu jin Larabci ba su san haruffanmu ba. Masu haruffanmu sun manta Larabci. Yaranmu Faransanci suke so. Ka huta, ka yi aikinka." Ba ƙarya ka faɗa ba. Abin da ya fi ciwo ke nan. A hanyar komawa, a gindin matakala, ya ce, "'Yar Dawud, maganarsa ta farko daidai, ta biyu daidai. Sakamakon ne ban yarda da shi ba, kuma ban san inda zan kama shi ba."

Shekara uku da suka wuce aka cire sa'arsa ta Talata aka sa koyon keken rubutu. An yi masa liyafa, an ba shi takardar yabo da Faransanci a cikin gilashi. Iyayenmu suka ji daɗi. Babana ya ce da ni, "Gara haka. Keken rubutu zai ciyar da ke a Marseille, saboda-haka ba zai ciyar da ke ba." Masu addini a cikinmu suna cewa ilimin Yunanawa ne, ba namu ba. Masu boko suna cewa tsummokaran da ne. Ban taɓa ganin ɓangarorin nan biyu sun yarda a kan abu ɗaya ba, sai a kan Malam Yamin.

Ya kasance mai haƙuri da mu, kuma ba mu cancanta ba.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, ya aiko makaranta yana neman wadda za ta riƙa karanta masa. Madam ta tambaya a aji. Kowa ta sunkuyar da kai. Kada ku zaci kirki ne ya sa na je. Madam ce ta kalle ni, ni kuma ban iya cewa a'a ba. Ya koya mini rubutun hannunsa a wata biyu. Litinin da Alhamis, bayan an tashi makaranta, shekara biyu, ina karanta masa yana gyarawa. Kundi na tara da na goma, masu jar tawada, su ya fi damuwa da su. Na karanta masa su ya fi sau ashirin. In na yi sauri ya ce, "Mai-gaggawa ya shigo." In na yi in'ina ya ce, "Matsoraci, sannu da zuwa." In muka fito tare zan raka shi shagon Si Larbi, sai in ja baya taku uku, don kada 'yan ajinmu su gan ni da shi. Ya sani. Makaho yana jin inda takun mutum yake. Bai taɓa cewa komai ba.

Alhamis ta ƙarshe ya ba ni kundi na goma sha ɗaya in tafi da shi gida, don ya rubuta layi a kan layi ba ya gani, yana so in tsabtace masa shafi uku. Ranar Litinin da safe ya rasu.

Yanzu zan faɗi abin da Madam ba ta gani ba.

Da aka gama kwana bakwai na zaman makoki, mata suka taru a gidan ana kwashe kaya, domin Dokta zai tafi da mahaifiyarsa. Ina cikinsu. Dokta Armand ya tsaya a gaban teburin ya buɗe kundi ɗaya, ya juya shi, ya rufe. Ya ce, "Ba Ishu'a, waɗannan fa? Ni ko layi ɗaya ban iya karantawa."

Ba Ishu'a ya ce, "Haruffanmu ne, ɗana. Ba a zubarwa, ba a ƙonawa. Geniza za su."

Lalla Freha tana ɗaki a kwance, ba a so a tashe ta. Ba Ishu'a ya wanke hannunsa. Ya ɗauki kowane kundi ya sumbace shi kafin ya sa a buhu. Ba wulaƙanci ya yi musu ba, girma ya ba su, irin girman da ba mu taɓa ba su ba mai su yana da rai. Takardar yabon nan ta Faransanci kuwa, Dokta ya naɗe ta a tawul ya sa a akwatinsa. Ita ce za ta tafi Paris.

Buhun yana ta rufewa, sai Ba Ishu'a ya waiwayo ya ce, "Ke 'yar Dawud, riƙe mini bakin buhun nan."

Na riƙe.

Na riƙe da hannuna biyu, kundi goma suka wuce ta tsakanin yatsuna. Na san kowannensu da nauyinsa. Na so in yi magana, amma ɗakin cike yake da manya, ni kuma an yi mini tarbiyya mai kyau. Kwana ashirin da uku ke nan ina wucewa ta bayan majami'a safe da yamma, ina kallon ƙofar ɗakin nan. Sau biyu na je ƙofar Rabbi, sau biyu na juyo ban ƙwanƙwasa ba. Gobe Alhamis ce ranar binne takardu ta bana. Shi ya sa da Madam ta ce in yi jawabi, karo na farko a rayuwata na ce to da gaske.

Ya Rabbi Menashe, ba ni da ilimin shari'a. Abin da nake da shi sa'a ɗaya ce ta Talata da yammacin Litinin da Alhamis. Ka ba ni dama in yi amfani da shi sau ɗaya.

Ba Ishu'a ya ce: duk abin da aka rubuta da haruffanmu, binne shi ake yi. Kundayen Malam da haruffanmu aka rubuta su. Saboda haka a binne su. Malam ya koya mana cewa in sakamako ya yi maka ɗaci, kada ka yi faɗa da shi, koma ka duba maganar farko. Na duba. Da a ce duk abin da aka rubuta da haruffanmu ake binnewa, da an binne littafin addu'ar da ke hannunka yanzu. Ba a binne shi ba, domin yana karantuwa kuma ana karanta shi. Ashe maganar farko ba ta cika ba. Abin da ake binnewa shi ne wanda ya tsufa har ya daina karantuwa, ko wanda ba shi da sauran mai karanta shi. Kundayen Malam tawadarsu ba ta dushe ba. Mai karantawa kuwa, ku gafarce ni, ga ta a tsaye. Ga kuma kundi na goma sha ɗaya a hannuna, wanda na ɓoye a ƙarƙashin katifata ban gaya wa kowa ba.

Musyu Elbaz, ka tambaya wa zai karanta. Mutum ɗaya ce, yarinya ce, kuma iyayenta za su tafi da ita Marseille kafin idinmu na bukkoki. Na san amsar ba ta da yawa. Amma ɗaya ba babu ba ce.

Dokta Armand, ban zarge ka ba. An tura ka makarantar da ta cire maka haruffan babanka, kuma shi ne ya raka ka tasha yana alfahari. Amma gadonka yana cikin buhu, ba a cikin tawul ba. Kai ne magaji. Kalma ɗaya daga bakinka tana da nauyi.

Lalla Freha, shekara talatin kina ci a ƙasa saboda su. Kada a binne su ba a tambaye ki ba.

Ba Ishu'a, mabuɗin yana aljihunka na dama. Kai ka ga buhun Malam ya fashe a wancan karon, ka sha ba mu labari. An taɓa buɗe buhu saboda littafin nan. Ba sabon abu nake roƙo ba.

Na gode wa Madam da ta ba ni wurin tsayawa, ina kuma neman gafararta. Na gode wa duk wanda ya zo, har da waɗanda suka zo don kada a ce ba su zo ba. Na gode da kuka bar ni na kai ƙarshe.

Allah ya ji ƙan Malam Yamin ɗan Sultana, ya ɗaure ransa a cikin ƙullin rayayyu, ya zaunar da shi kusa da likitansa, da Matsoraci, da Mai-gaggawa, a teburin da ya ishe su. Allah ya sanyaya zuciyar Lalla Freha da ɗanta. Mu kuma da muka bi shi da waƙa a lungu, muka zo yau da baƙaƙen kaya, Allah ya yafe mana, in abin yafewa ne. Amin.

*

Madam ta ce za a buga jawabin a raba wa waɗanda suka riga suka tashi, kuma ba ta cire ko kalma ba. Ta yarda in ƙara abin da ya biyo baya, don kada a yi ta tambaya.

Da na gama, Rabbi Menashe ya miƙo hannu ya ce, "Kawo." Ya buɗe kundin a tsakiya, ya ɗora yatsa ya ce, "Karanta nan." Na karanta. Ya ce, "Me yake nufi?" Na faɗa. Ya juya ya ce, "Si Larbi, daidai ta karanta?"

Si Larbi ya ce, "Daidai. Kuma har yau ban yarda da shi ba a wannan wurin."

Wasu suka yi dariya, Si Larbi kuwa hawaye yake yi. Dokta Armand ya miƙe ya ce a buɗe geniza. Rabbi ya ce, "Ba Ishu'a, ba yarinya mabuɗi."

Ba Ishu'a bai motsa ba. Ya ce, "Rabbi, bana kaya sun yi yawa. Duk gidan da zai tashi sai ya juye mana takardunsa. Buhu ashirin da shida, jaki biyu. Ba za su kwashu a safiya ɗaya ba, sai na fara yau da sassafe. Tara suna rami, an rufe." Ya ƙara da cewa mai jakunan ya yi ƙorafi buhun Malam ya yi nauyi, sai ya rarraba kundayen a sauran buhuna don kaya su daidaita.

Rabbi ya ce, "'Yata, hujjarki ta tsaya. Abin da ke ɗaki, ki buɗe. Abin da aka riga aka kwantar aka rufe, ba a tono shi. Wannan ba ni da iko a kansa."

Ni da Lalla Freha muka zazzage buhu goma sha bakwai kafin rana ta faɗi. Ita ba ta karatu, amma ta san koren fatar nan daga nesa. Mun sami bakwai. Na ɗaya, na tara da na goma suna ƙasa. Biyu daga cikinsu su ne masu jar tawada, aikin da babu shi a wurin kowa sai shi. Ranar Laraba da sassafe aka ɗauke su. Da ranar Talata na ƙwanƙwasa ƙofar Rabbi, da ban rubuta wannan ba. Ba Ishu'a ya zo gidanmu yana ba ni haƙuri. Na ce masa shi al'ada ya bi. Ni ce na riƙe bakin buhu.

Washegari na bi jerin masu kai sauran buhunan. Ban yi waƙar ba.

Da muka dawo, Lalla Freha ta jera kundaye takwas a kan teburin, ta bar gurbin uku. Ta ce, "Teburin yana nan har ranar da za mu tashi. Ki zo ki zauna. Ni na saba ci a ƙasa."

Saboda haka, ya Rabbi, Lalla Freha, Dokta, Madam, da kai Baba, ina da roƙo ɗaya da ya rage. Na tara da na goma na karanta su fiye da sau ashirin, da yawa daga cikinsu suna kaina. Na ɗaya kuwa kaɗan na riƙe. Ina da wata huɗu. Ina roƙo a sallame ni daga ajin keken rubutu na ranar Talata. Si Larbi ya ce zai ɗinke mini kundi uku, in ina rubutawa in riƙa karanta masa, ya tsayar da ni inda na kauce. Ba zan taɓa jar tawadar Malam ba. Da tawadar makaranta zan rubuta, mai launin shunayya, don duk wanda ya buɗe ya san baƙi na likita ne, ja na Malam ne, wannan kuma na wata yarinya ce da ta makara. Inda na manta, zan bar wurin fari.

Na yi shiru lokacin da ya kamata in yi magana, kuma na rubuta muku abin da ya fi ƙarfin shekaruna. Duk da haka, ku ba ni izini in sake rubutawa.

Hasiba 'yar Dawud Benhamu